Yadda GDB ke gane sashen da adireshi ya faɗa

Malam, ka tambayi yadda GDB, manhajar binciko kurakuran manhajoji, ke sanin adireshin ƙwaƙwalwa na cikin sashen .text (inda umarnin manhaja suke) ne ko .data (inda bayananta suke). Lissafi ne kawai. Teburin sassan fayil ɗin ELF (tsarin fayilolin manhaja a Linux) na ɗauke da mafarin kowane sashe da girmansa, umarnin readelf -S zai nuna maka. In manhajar PIE ce, wato wadda ake iya ɗorawa a kowane adireshi, sai an ƙara adireshin da aka ɗora ta a kan na teburin, a x86-64 yawanci 0x555555554000, tunda GDB na kashe ASLR, tsarin da ke sauya adireshin ɗorawa kowane lokaci. Cire shi daga adireshinka, ka duba sashen da ragowar ta faɗa. Umarnin info files na GDB ya hutar da kai wannan.

Kada ka nemi sunayen sassa a /proc/PID/maps, fayil ɗin da ke nuna yankunan ƙwaƙwalwar manhajar da ke gudana. Linux da yankunan PT_LOAD na ELF yake ɗorawa, ba da sassa ba, yanki ɗaya kan haɗa .data da .bss (sashen bayanan da ke farawa da sifili), ita .bss kuwa ba ta cin wuri a fayil.