Tambaya da Amsa: Abu kaɗan sai na zabura, ciwo ne?

Tambaya: Salam Anti, dan Allah a taimaka min. Ni ko ƙofa aka buga da ƙarfi sai na zabura gabana ya yi ta faɗuwa. Rannan ina danna waya da iyafis a kunne ƙanwata ta lallaɓo ta dafa min kafaɗa, wallahi ban san sanda na kai mata gwiwar hannu ba har leɓenta ya fashe, yanzu a gida sai tsokanata ake wai matsoraciya. Ciwo ne ko me?

Amsa: Wa alaikis salam ƙanwata, a yi wa ƙaramar sannu. Ki kwantar da hankalinki, zabura ba ragwanta ba ce, kowa da ita aka haife shi, ki duba jariri ma in ya ji ƙara yadda yake ware hannuwa sannan ya dunƙule su, tashi irin takan ɓace wajen wata 4 zuwa 6, tamu ta manya kuwa tana nan daram. Umarnin zabura daga can tushen ƙwaƙwalwa yake fitowa, bai ma jiran ɓangaren tunani, shi ya sa kafin ki gane me ya faru ido ya ƙifta, wuya ya noƙe, kafaɗu sun ɗage, duk cikin abin da bai kai rabin daƙiƙa ba. Sai wani sinadari da ake kira adirenalin ya biyo baya daga wasu 'yan ƙananan sassan jiki da ke saman ƙoda, shi ne faɗuwar gaban nan da rawar hannu. Tun 1939 wasu masana a Amurka, Landis da Hunt, suka riƙa harba bindiga a bayan mutane suna ɗaukarsu da kyamara mai sauri, suka ga kusan duk motsi iri ɗaya ake yi.

To amma ni a labarinki iyafis ɗin nan ya fi tsaya min. Ido na kan waya, kunnuwa biyu a toshe, ta ina jiki zai samu labarin wani na tafe? In da kin ji takunta ko kaɗan ne da zaburar ba ta kai haka ba, don jiki in ya samu 'yar sanarwa yakan sassauta. Ki riƙa cire kunne ɗaya, in kina tafiya a hanya ma ki ajiye wayar gaba ɗaya, ki ɗaga kai lokaci lokaci ki san waye a gefenki, ina mota take, ina ƙofar fita take. Ba wai ki koma waige-waige kamar mara gaskiya ba fa, wannan ma gajiyar da mutum yake.

Rashin barci da yawan shan kofi da damuwa duk suna ƙara abin. In kuma ya fara ne bayan wani tashin hankali, hatsari ko makamancinsa, ga mugayen mafarkai ga barci ya ƙi, to wannan kam ki je ki ga likita. 'Yan gida kuma ki ce musu su riƙa yin magana kafin su taɓa ki.