Ku Tambaya Mu Amsa: Masu Son Tara Tsohon Doctor Who a Faifai

Wasiƙun wannan makon kusan duk a kan abu ɗaya suka zo, wato tsohon Doctor Who na gidan BBC, wanda aka fara haskawa ran 23 ga Nuwamba 1963 aka tsaya a 1989, zango 26 cif. Ga wanda bai san shi ba, labarin wani baƙo ne daga wata duniyar da ake ce wa Dokta, yana yawo tsakanin zamanin da da na gaba a wani jirgi da in ka gan shi daga waje rumfar wayar 'yan sanda ce shuɗiya, in ka shiga ciki kuma ƙaton fili. Mu je ga tambayoyin.

TAMBAYA: Salam Malam, barka da aiki. Na ga wani yana tallar akwati a intanet wai tsohon Doctor Who ne kammalalle tun daga farko har ƙarshe, babu kashi ko ɗaya da ya ɓace, kuma kuɗin bai taka kara ya karya ba. In saya? Daga Mai Son Dalek.

AMSA: Wa'alaikumus salam ɗan'uwa. Riƙe kuɗinka. Abin da mutumin nan yake cewa yana da shi, su kansu BBC ba su da shi, to shi a ina ya samo?

Abin da ya faru shi ne, a shekarun 1960 da 1970 kaset ɗin da ake ɗaukar shiri a kai wani ƙato ne mai faɗin inci biyu, tsada gare shi ga cin wuri, kuma yarjejeniyar da ke tsakaninsu da ƙungiyar 'yan wasa ba ta barin a yi ta maimaita shiri yadda aka ga dama, ba wanda ya kawo a ransa cewa wata rana mutum zai so ya ajiye shirin talabijin a gidansa, don haka in an haska an gama sai a goge kaset ɗin a ɗora wani shirin a kai. Haka aka yi ta yi har 1978 kafin aka taka birki. A cikin kashi 253 na shekaru shida na farko, zamanin William Hartnell da Patrick Troughton, 'yan wasa biyu na farko da suka fito a matsayin Dokta, ana neman 106 da suka ɓace, sai a 2013 adadin ya sauko zuwa 97.

Waɗanda suka tsira ɗin ma yawancinsu albarkacin kasuwanci ne. BBC tana kwafar shirin a fim mai faɗin milimita 16 ta sayar wa gidajen talabijin na ƙasashen waje, wannan gida in ya gama ya tura wa na gaba, wasu kwafin sai suka maƙale a sito aka manta da su. A haka aka tsinto The Tomb of the Cybermen a Hong Kong a farkon shekarun 1990. Babban kamun kuwa a Jos aka yi shi, wani Bature mai suna Philip Morris da aikinsa ke nan bin tsofaffin ma'ajiyar gidajen talabijin, ya ci karo da gwangwanayen fim a wani ɗakin ajiya na tashar talabijin a can, aka sanar a Oktoban 2013. Kashi tara ne da aka cire rai da su, biyar na The Enemy of the World wanda hakan ya sa labarin ya cika, sai huɗu na The Web of Fear, shi kuma kashi na uku bai dawo ba. Tun a tsakiyar shekarun 1980 ma daga Najeriya aka dawo da The Time Meddler da The War Machines, kaga ashe muna da hannu a cikin lamarin ba mu sani ba.

Yanzu me ake sa wa a gurbin waɗanda suka ɓace? Sauti dai duk yana nan, saboda akwai 'yan kallo a lokacin da suke kafa rikoda kusa da talabijin suna naɗa, wallahi mutanen nan sun yi wa shirin gata. Sai ake ɗaukar wannan sautin a haɗa shi da hotunan da wani mai hoto John Cura ya riƙa ɗauka daga fuskar talabijin, ko kuma a zana katun a kai. An fara katun ɗin da The Invasion a 2006, kashi na 1 da na 4, daga baya aka yi The Power of the Daleks gaba ɗayansa a 2016, wasu suka biyo baya. Ni dai katun ɗin bai cika burge ni ba, mutanen a sandare suke, kuma Troughton ɗan wasa ne da rabin aikinsa a fuska yake, zane ba ya iya kamo wannan. Amma da babu gara ba daɗi. Shi kuwa akwatin mai tallan nan, inaga kwafe-kwafe ne aka ƙona a gida aka lulluɓe da kwali mai sheƙi.

TAMBAYA: Malam ina da DVD kusan talatin na shirin, yanzu kuma na ga ana fitar da Blu-ray zango-zango. In sayar da nawa in koma can, hoton zai fi fita? Daga Ɗalibinka.

AMSA: Zai fi, amma ba yadda kake zato ba, kada ka sa rai da yawa. Yawancin shirin a cikin situdiyo aka ɗauke shi kai tsaye a kaset ɗin bidiyo, hoton mai layi 405 ne har zuwa 1967, daga nan aka koma 625, kuma abin da kyamara ba ta kama ba a lokacin babu faifan da zai ƙirƙiro maka shi yau. Abin da Blu-ray ke yi kawai ya faɗaɗa hoton ya tsaftace shi. Inda zaka ga bambanci sosai shi ne wuraren da aka fita waje aka ɗauka da fim, in har asalin fim ɗin yana nan aka sake wanke shi. Shi ya sa Spearhead from Space na 1970 ya fita zakka, labarin farko na Jon Pertwee a matsayin Dokta kuma na farko mai kala, an yi yajin aiki a BBC a lokacin sai dole aka ɗauke shi kacokan a fim, da aka fitar da Blu-ray ɗinsa a 2013 har zaren rigar mutum kana gani. Kada ka haɗa da Star Trek na 1966, shi dama can a fim mai milimita 35 Amurkawa suka ɗauke shi, dole ya yi kyau a Blu-ray.

Jerin da kake magana The Collection ake ce masa, an fara a 2018 da zango na 12, na farkon Tom Baker a matsayin Dokta, kuma ba a jere suke fitowa ba, daga 12 aka tsallaka 19 aka dawo 18, haka dai. Amfaninsa na gaskiya shi ne zango guda a akwati guda maimakon kwalaye biyar ko shida, an kwaso ƙarin abubuwan da ke kan DVD an ƙara sababbi, wasu labaran har da zaɓin kallo da sabon siddabarun kwamfuta ko na asali. Abu biyu zan ja maka kunne. Bugun farko mai kwali na musamman ƙayyadadde ne, yana ƙarewa da wuri, sai 'yan kasuwa su ninka kuɗinsa, to kada ka biye musu, bayan wani lokaci ana fitar da bugun gama-gari mai sauƙi kuma shirin da ke ciki ɗaya ne, kwali kawai zaka rasa. Na biyu, a Amurka sunan daban ne, zango na 12 a can Tom Baker zango na ɗaya suke rubutawa, in ba ka lura ba sai ka sayi abu ɗaya sau biyu.

Kada ka sayar da DVD ɗinka sai wanda zangonsa ya shigo hannunka ka duba ka tabbatar.

TAMBAYA: Na sayi faifai orijinal daga Ingila, na sa a na'ura ta ƙi karɓa, wani rubutu kawai take nunawa game da shiyya. An cuce ni ne? Daga Abokinku na kullum.

AMSA: Ba a cuce ka ba, kulle ne. Kamfanoni sun raba duniya shiyya-shiyya, a DVD Amurka da Kanada lamba 1 ce, Turai da Japan da Gabas ta Tsakiya 2, Ostareliya 4, yawancin Afirka da Indiya da Rasha 5. Blu-ray kuma haruffa ne, A nahiyar Amurka da gabashin Asiya ban da China, B Turai da Afirka da Ostareliya, C sauran. Juya bayan kwalin zaka ga ɗan hoton duniya da lamba a ciki, ka duba bayan na'urarka ita ma. Maganin shi ne na'ura mai karɓar kowace shiyya. In a kwamfuta zaka kalla kuma ka sani sau biyar kawai take yarda ka canja shiyya, daga nan ta tsaya a ta ƙarshe. In kana da zaɓi ka sayi bugun Birtaniya, a tsarin talabijin na can aka yi shirin, na Amurka sai da aka juya shi zuwa nasu tsarin.

TAMBAYA: Malam don Allah ka yi wa maigidana magana, yana karanta shafin nan. Ya cika mana kanta da faifan wannan Doktan, ni kuma na ce masa ai komai yanzu yana intanet, meye na ɓarnar kuɗi? Daga Uwargida.

AMSA: Hajiya ki yi haƙuri, yau kam rabin shari'ar tasa ce. Gaskiya ne a Nuwamban 2023 BBC ta zuba tsohon shirin a manhajarta ta iPlayer, amma wannan na mazauna Birtaniya ne, kuma ko a can ɗin labarin farko ɗungurungum, An Unearthly Child, ba a sa shi ba saboda taƙaddamar haƙƙin mallaka da magajin marubucinsa. Wanda yake da akwatin The Beginning na 2006 ko a jikinsa, ya ɗauko ya kalla. Abin da ke intanet aro ne, yau yana nan gobe kwangila ta ƙare an sauke.

Sannan akwai abin da sai a faifan ake samu. Za ki iya kunna muryar 'yan wasan da daraktoci suna hira a kan shirin yana tafiya, suna dariyar dodon roba da bangon da ke rawa in an rufe ƙofa, da yawansu yanzu sun rasu, muryar nan ita ta rage. Akwai rubutun da ke bi ta ƙasan allo yana faɗa miki ranar da aka ɗauki wannan fitowar da abin da aka yanke. Ga kuma aikin masu gyara, wanda ni shi ya fi ɗaure min kai, wasu labaran Pertwee kalarsu ta ɓace sai kwafin baƙi da fari, sai aka gano akwai wasu 'yan ɗige-ɗige a jikin fim ɗin da sauran bayanin kalar ya maƙale a ciki, aka sa kwamfuta ta karanta su ta dawo da kalar, haka aka yi wa yawancin The Mind of Evil.

Ɗaya rabin kuma naki ne. Maigida, in akwai faifan da har yau ledarsa ba a ɓare ba, a dakata da saye sai an kalle shi, kuma wanda aka riga aka samu a Blu-ray a rage wa kanta nauyi.

TAMBAYA: Ban taɓa kallo ba, kuma aljihuna ba nauyi. Da wanne zan fara? Daga Sabon Shiga.

AMSA: Ƙanena kada ka ce sai ka fara daga 1963 ka bi a jere, zaka gaji a hanya, kowane labari da ƙafarsa yake tsaye. Nemi City of Death na 1979 wanda aka je har Paris aka ɗauka, akwai ban dariya kuma ba ya jan ƙafa. In ya yi maka sai Genesis of the Daleks na 1975, shi kuma nauyi gare shi. In kana son ɗanɗana baƙi da fari ga The Enemy of the World ɗin nan na Jos, Troughton ya fito a mutum biyu, Dokta da kuma mugun labarin. DVD na hannu ya ishe ka, tunda masu komawa Blu-ray suna ta fitar da nasu. Kuma kashi ɗaya yawanci minti 25 ne da aka tsara a kalla mako-mako, kada ka zauna ka haɗiye shida a dare ɗaya ka ce shirin na da sanyi.

TAMBAYA: Yaya zan gane jabu, kuma yaya zan adana nawa? Daga Mai Tara.

AMSA: Juya faifan. Na kamfani cikinsa ruwan azurfa ne ko ya ɗan yi ruwan zinare, wanda aka ƙona a kwamfuta yawanci shuɗi-shuɗi ne ko ruwan hoda mai duhu. Duba kwalin ko hoton ya yi dishi-dishi ko an yi kuskuren rubutu, bugun Birtaniya kuma dole ka ga tambarin hukumar tace fina-finansu mai nuna shekarun mai kallo. Jabu sau da yawa an matse abin da ya kamata ya ci gigabait 8.5 a faifai mai 4.7, sai hoton ya riƙa farfashewa in ana gudu.

Adanawa kuwa, a tsaye a cikin kwalinsa, nesa da rana da laima, ka riƙe shi ta gefe. In zaka goge, ƙyalle mai laushi, daga ramin tsakiya ka ja zuwa baki, kada ka bi shi zagaye. Na hannu in ka saya ka kunna kowane faifai tun da wuri, ka tsallaka har ƙarshe ka ga ko yana tsayawa, tun mai shi bai ce lokacin mayarwa ya wuce ba.