Ku Tambaya Mu Amsa: Fatsa a Bakin Dam

Tambaya: Ranar Asabar ni da abokaina mukan je fatsa a bakin madatsar ruwa ta Tiga. Kifi na cinye mana koto, amma da wuya mu fito da ko ɗaya. Ina matsalar take? Daga wani mai karatu a Bebeji.

Amsa: Malam, mun fi zargin ƙugiyarku ta yi girma. Kifin da ya fi yawa a gefen ruwa karfasa ce, bakinta kuwa ƙarami ne. Idan ka soka doguwar tana tana lilo, sai ta bi ta tsittsinke ta daga wutsiya, ta bar maka ƙarfe tsirara. Nemi ƙugiyar da ba ta wuce girman farcen ɗan yatsanka ba, ka gutsuri tana daidai gaɓar yatsa ɗaya, ka zura ta har ta rufe tsinin.

Sai zurfi, wanda yawancin masu fatsa ba sa aunawa. Ɗaura 'yar dalma kamar ƙwayar wake, taƙi ɗaya sama da ƙugiya. Abin da zai yi maka yawo a saman ruwa kuwa, totuwar kara mai tsawon yatsa ta isa. In ta fi haka, kifi zai ji nauyi ya tofar. Jefa ka duba. Idan totuwar ta kwanta, dalma ta taɓa ƙasa ke nan, sai ka riƙa matso da totuwar wajen dalmar har ta tsaya. Karfasa tsakanin sama da ƙasan ruwa take kiwo kusa da ciyayi. Tarwaɗa kuwa ƙasa take bi, ita sai ka bar koton ya zauna a laka, da hanjin kaza ko tana mai kauri, bayan la'asar ko in ruwan sama ya dama ruwan.

Kada ka fizga da zarar totuwa ta fara rawa, ɗanɗano ne kawai. Jira ta nutse ko ta kama tafiya gefe, sannan ka ɗaga sandar da wuyan hannu. Da hunturu kada ka yi sammako, kifi ba ya ci sai hantsi ya ɗumama ruwa.

In ka kamo kurungu, kada ka damƙe shi: ƙayoyinsa uku sukan miƙe su ƙage, sukarsu na da raɗaɗi. Minjirya kuma yanke zaren kawai, girgizarta ba wasa ba ce. Kafin ku sauka a sabon wuri, ku gaida Sarkin Ruwan yankin, shi ya san inda rami da kututture suke.

Tambaya: Yarana na wanka a kududdufin bayan gari, yanzu babban yana fitsari da jini a ƙarshe. An ce alamar balaga ce. Daga wata uwa a Rano.

Amsa: Hajiya, ba balaga ba ce, alamar tsargiya ce. Tsutsarta na fitowa daga ƙananan dodon koɗi na ruwa maras gudu, ta huda fata ta shiga jiki ko yaro bai sha ruwan ba. Ki kai su duka asibiti a gwada fitsari. Maganinta praziquantel ne, ana auna shi da nauyin yaro, don haka kada a saya a ba shi da ka. Idan aka bari, tana lalata mafitsara. Magani ba ya hana sake kamuwa, sai sun daina shiga kududdufin. In dole a yi wanka da ruwansa, a tafasa, ko a ɗiba a ajiye kwana 2 cur kafin a taɓa.