Ku Tambayi Anti: Ƙawayena sun ce labarina ba ɗanɗanon gida

TAMBAYA: Salam Anti, sannu da ƙoƙari. Ni ɗaliba ce, shekarata 19, ina Unguwar Rogo nan Jos. Na fara rubuta labari ina turawa a guruf ɗinmu na WhatsApp, labarin wata yarinya ce da ta je hutu wajen kakarta a wani ƙaramin gari gefen Barikin Ladi, sai ta haɗu da wani mawaƙi da duk Arewa ta san shi, ya gudo ya ɓuya don ya gaji da idon jama'a. Gaskiya littattafan matasa na Turawa da nake karantawa a manhajar karanta labarai ta Wattpad ne suka sa min sha'awa. Amma ƙawayena sun ce wai kamar ba a ƙasar nan abin ke faruwa ba. Ga shafukan nan na turo miki, dan Allah ina gyaran yake?

AMSA: Wa alaikis salam ƙanwata. Na karanta har ƙarshe kuma wallahi kina da hannu, hirar yarinyar da kakarta a madafa ta yi min daɗi sosai. Amma ƙawayenki sun faɗi gaskiya, kar ki ji haushinsu.

Mu fara da yanayi. Kin rubuta cewa watan Agusta ne, rana ta ƙwalle, suna zaune bakin ruwa suna shan askirim. Haba ƙanwata, Agusta a Barikin Ladi? Su Turawa daga Yuni zuwa Agusta ne lokacin zafinsu kuma shi ne hutun makaranta, shi ya sa labaransu duk rana ce da bakin teku. Mu kuwa dogon hutunmu tsakiyar damina yake faɗowa, daga ƙarshen Yuli zuwa Satumba, ga shi Jos tana kan tudu wajen mita 1,200 sama da teku, ke kanki kin san safiyar da hazo ke rufe duwatsu, ruwa ya wuni yana yayyafi, wanki ya kwana biyu a igiya bai bushe ba, kowa na fama da suwaita. To ki sa su a nan mana. Ruwa ya tsare su ƙarƙashin rumfar mai gasa masara, ko ya same ta tana taya kaka tsince dankalin turawa da aka haƙo, hannu duk jar ƙasa. In ruwa kike so a labarin ga tafkunan nan da haƙar kuza ta bari tun zamanin Turawa, waɗanda iyaye ke hana yara zuwa saboda zurfi.

Sai babban abin, wanda shi ne ya fi damuna. Kin sa mawaƙin ya yi sati uku a gari ba wanda ya gane shi saboda hula da baƙin gilashi. A ina? Ɗan acaɓan da ya ɗauko shi daga tasha ma ya isa, kafin la'asar mai shayi ya ji, kafin isha'i yaran unguwa sun ɗora shi a TikTok. Kuma baƙo a ƙaramin gari sai da mai masauki, sai mai unguwa ya san da zamansa. Da ni ce ke sai in mai da garin ya zama garin mahaifiyarsa, kowa ya san shi sarai amma ba wanda ya ɗauke shi wani abu, a wajensu ɗan wance ne kawai da aka gani yana yawo ba wando, tsohuwa ta miƙa masa naira 200 ta ce je ka sayo min kananzir. Abin da ya zo nema kenan ai, inda za a kira shi da sunan yanka. Ba kuma sai kin ɗauko shi daga Legas ba, Jos ta daɗe tana fitar da 'yan fim da mawaƙa, hedikwatar Hukumar Fina-finai ta Najeriya da aka kafa a 1979 ma nan take.

Rikicin labarin kuma yana ƙofar gida. Ranar da yaro ya shigo ya ce wai ana sallama da wance, kaka ta ce wane ne, aka ce mawaƙin nan ne. Kin san yadda iyaye da yawa ke kallon waƙa da fim in aka zo maganar ba da 'ya, komai kuɗin mutum. Kuma in surutu ya tashi a gari shi mota zai shiga ya tafi, ita ce za ta zauna da bakin mutane, har gidansu a Jos sai maganar ta biyo ta. Ki daɗe a wannan wurin, kar ki yi sauri, nan ne masu karatu za su manne miki.

Ki kula da shekaru dan Allah, tunda 'yan sakandare ne za su karanta. Ki bar ta ta gama WAEC tana jiran adimishan, shi ma kar ya wuce 22, kar mu koya wa ƙannenmu cewa babban mutum mai suna ya bi ƙaramar yarinya abin burgewa ne.

Maganar ƙarshen labari, ba dole sai an ɗaura aure a shafin ƙarshe ba. Baƙo raɓa ne, Satumba na zuwa, za ta hau mota ta dawo Jos da buhun dankali da accar da kaka ta ɗaure mata. Ki gyara shafi uku na farko ki sake turo min in gani.