Muna neman mai haɗa kompaila, ina za mu same shi?

Tambaya: Salam Injiniya, ni ke kula da ɗaukar ma'aikata a wani kamfanin fasaha a Wuse 2, Abuja. Muna da manhajar lissafin albashi, oga yana so kwastomomi su riƙa rubuta ƙa'idojinsu da wani ɗan yare namu na kanmu, shi ne yace a nemo mai haɗa kompaila. Sati uku da saka talla, takardu sun zo jibgi amma duk masu gina shafin intanet ne. Ina zan samu mutumin, kuma ta yaya zan gane ya iya?

Amsa: Wa'alaikumus salam Hajiya. Kafin ki ƙara kashe kuɗin talla ki koma wajen oga ki tambaye shi me za a riƙa rubutawa da yaren nan, don ina zargin ba cikakken kompaila kuke buƙata ba.

Shi kompaila aikinsa ya ɗauki abin da mutum ya rubuta, ya yanka shi kalma-kalma, ya duba nahawunsa, ya tabbatar maganar tana da ma'ana, sannan ya juya ta zuwa yaren da injin kwamfuta ke ji, na x86 ko na ARM, wato nau'o'in ƙwaƙwalwar kwamfuta, kuma a hanya yana ta rage mata nauyi don ta yi gudu. Wannan ɓangaren na ƙarshe shi ne mai wuya, masu shi ba su da yawa ko a Amurka, su Apple da Google da Nvidia ke rububinsu da dala, toh ina ke ina tsere da su da albashin naira. Amma abin da kika faɗa, wato a ce "cire kashi 8 na fansho, ƙara alawus ɗin gida idan ma'aikaci ya kai mataki kaza", wannan tafinta kawai yake so, manhajar da zata karanta ƙa'ida ta aiwatar nan take kamar tafintan kotu, ba sai ta fassara littafin duka ba. Injiniya mai kai zai haɗa shi da ANTLR, kayan aikin da ke gina manhajar karanta yare daga nahawunsa, ko ma ya ɗauko Lua, yaren da aka ƙirƙira a Birazil a 1993 wanda ake yawan cusa shi cikin wasu manhajoji, shikenan an wuce wurin.

In kuma oga ya dage gudu yake so, toh ko manya ba kasafai suke farawa daga tushe ba. Kompailar GCC tana nan tun 1987, LLVM kuma, wato kayan haɗa kompaila, Chris Lattner da Vikram Adve suka fara shi a 2000 a jami'ar Illinois, kuma a kansa yarukan kwamfuta Rust da Swift suka hau. Sai ki rubuta a talla cewa ana son wanda ya taɓa aiki da LLVM kuma ya iya C++ ko Rust, masu shafin intanet da kansu za su janye.

Wajen nema kuwa, GitHub, shafin da masu rubuta manhaja ke ajiye aikinsu, ya fi miki tarin takardu, don a can ana ganin aikin mutum ƙuru-ƙuru. Ki kuma leƙa sashen kimiyyar kwamfuta na Unijos ko ABU Zariya ko AUST da ke nan Galadimawa, ana koyar da darasin kompaila a jami'o'inmu, sai dai yawanci haddacewa ake a ci jarabawa a manta, don haka ki tambayi malamin wane ɗalibi ne ya gina nasa da hannunsa.

Gwajin shi ne inda nake so ki tsaya sosai. Ku ba mai neman aikin kwana biyu, ku biya shi kuɗin wahalarsa don Allah, ya rubuta ɗan tafintan lissafi. Ki buga masa 2+3*4, amsa 14 ce, in ya ba ki 20 ki sallame shi da fatan alheri. Sai 10-3-2, dole 5 ta fito, na taɓa ganin wani mai takardu masu ƙyalli da nasa ya fitar da 9 saboda ya fara cirewa daga dama, wallahi har gumi ya keto masa a cikin esi. Daga nan ki buɗe baka, wato alamar "(", ki ƙi rufewa da gangan, ki ga ko tafintan zai ce miki layi kaza ne matsalar ko zai mutu shiru, don akawun da zai yi amfani da shi a ƙarshen wata ba injiniya bane. Na ƙarshe 0.1+0.2, yawancin yarukan kwamfuta 0.30000000000000004 suke bayarwa, wanda ya san aikin kuɗi zai ce miki da kwabo zai riƙa lissafi, lamba cikakkiya. Ki kuma tambaye shi me zai faru in kwastoma ya rubuta ƙa'idar da ke ta juyawa bata ƙarewa.

Ni da nine ku, kwantiragin wata uku zan fara ba shi, da sharaɗin ya rubuta nahawun yaren a takarda kuma ya zauna da ɗaya daga cikin yaranku yana koya masa, saboda ranar da aka kira shi da dala ba lallai ya jira ƙarshen wata ba.