Kada ku kai mota ƙofar gidan nan tukuna

Ɗana, na ga saƙonka. Ka ce mijin ƙanwarka ya miƙa mata takardar saki ɗaya, uwarsa ta ce ta tattara nata ya nata, kai da 'yan'uwanka kuna shirin ɗauko a-kori-kura ku nufi Ƙofar Marusa ku kwashe kayan ɗakinta tun kafin wani ya sa musu hannu. Kana tambaya ko haka al'ada take. Ana yin haka a Katsina, ana yi nan Daura, amma ni gwaggonku ban yarda ku yi ba.

Matar da aka yi wa saki ɗaya tana da haƙƙin zama a ɗakinta har ta gama idda. Aya ta 1 ta Suratuɗ Ɗalaƙ ta hana a fitar da ita, ta kuma hana ta fita da kanta. Iddarta tsarki uku ne, in tana da juna biyu kuwa sai ta haihu, kuma duk tsawon lokacin ci da sha da wurin kwana suna wuyan mijin. Yana iya mai da ita ba tare da sabon sadaki ba, in ɗayansu ya rasu a ciki ɗayan zai gaje shi. Uwar miji ba ta da hurumin korarta. In kuka kwashe kayan yau, kun sauke masa nauyin da Allah ya ɗora masa, kun kuma toshe hanyar kome. Na sha ganin ɗakin da aka kwashe cikin fushi: ƙusoshin labule tsirara a bango, sawun ƙafafun gado a kan leda, yara suna shiga suna fitowa suna neman inda za su zauna. Da wuya mace ta koma irin wannan ɗaki, ko da zukata sun huce. Tsakanin harshe da haƙori ma ana saɓawa.

Abu ɗaya zai sa in ce ku ɗauko ta yau ɗin nan: in yana dukanta, ko tana tsoron kwana a gidan. Ka tambaye ta ita kaɗai, ba a gaban kowa ba.

Batun kaya kuwa, kada ka ji tsoro, nata nata ne. Gado da katifa, kujeru, kwanuka, firji da keken ɗinkin da babanku ya saya mata, duk daga gidanmu suka fita. Sadaki nata ne. Lefe ma, tunda an tare kuma shi ya yi sakin don kansa, ba ya karɓar ko ɗan kwali. Aya ta 20 ta Suratun Nisa'i ta hana miji karɓe abin da ya bayar, komai yawansa. Da ita ta nemi hul'i, wato ta fanshi kanta, da sai a yi maganar mayar da sadaki. Gidan nasa ne, haka janareta da babur da duk abin da ya saya bai ce ya ba ta ba, kada wani yaro ya taɓa su da sunan huce haushi. In aka yi jayayya kan wani abu babu shaida, hukuncin mazhabarmu ta Malikiyya shi ne a dubi al'ada: abin da aka san na mata ne a ba ta bayan ta rantse, na maza a ba shi bayan ya rantse.

Ga yadda ake tsare kaya ba tare da an ɗaga su ba. Mu da muka yi mata jere mun san abin da muka saka. Za mu je da rana tsaka, mu nemi dattijuwa ɗaya daga danginsa ta tsaya, a bi ɗakin a lissafa komai, a rubuta takarda biyu, kowane ɓangare ya riƙe ɗaya. Kai da ka iya waya sai ka ɗauki hotuna. Kada a manta da awakinta na bayan gida, don su aka fi yin rigima a kansu, kowa ya ce shi ya sayi dusa. Abin da za mu taho da shi ba shi da yawa: sarƙa da 'yan kunnen zinari, takardun makaranta, rasit ɗin manyan kaya, da takardar sakin kanta. Ka duba ko akwai kwanan wata da adadin sakin a rubuce, don daga kwanan watan ake fara lissafin idda.

Abin da ya fi damuna kuɗin adashenta ne da na ji ta zuba a rufin gidan. Ka tambaye ta a hankali: rance ta ba shi ko kyauta, kuma wa ya ji? In rance ne, a faɗa a gaban waliyyanta da nasa tun yanzu, a rubuta. In ya musa, a fara da mai unguwa da limami. In abin ya faskara, kotun shari'a tana nan, can alƙali zai nemi shaidu ko ya ba da rantsuwa.

In idda ta cika bai mai da ita ba, sai a sa rana, a sanar da danginsa, mata su kwashe bisa takardar nan, ku maza ku tsaya a zaure ku loda. Ka gaya wa babanku ya kira waliyyin mijin yau, ni kuma ina tafe ranar Alhamis in Allah ya kai mu.