Ga Malamar da aka rubuta wa "sowing discord"

Malama, sannu. Wallahi da na karanta tambayarki sai da gabana ya faɗi, don ni ma an taɓa manna mini kalmar nan. Kin ce shugaban makarantarku ya ba ki takardar tuhuma wai kina "sowing discord among staff", kina son sanin ma'anarta da kuma ko abin mai nauyi ne. Ƙannenmu da suka ce miki manhajar hira ce ba su yi ƙarya ba, akwai Discord da ta fito a 2015, amma ba ita ake nufi a nan ba.

Discord rashin jituwa ne, zaman doya da manja. Asalinta Latin: dis rabuwa, cor zuciya, wato zukata sun rabu. Kishiyarta ita ce concord ɗin da muke fama da 'yan WAEC a kanta a nahawu. Ko a kiɗa, idan sautuka suka ƙi haɗuwa suka dami kunne, discord ake cewa. Ita kaɗai ba ta ɗora wa kowa laifi. In an ce "marital discord", miji da mata ne ba sa jituwa, ba a ce wane ya jawo ba. Abin da ya sa taki ta yi nauyi shi ne "sowing", shuka. Cewa yake ke ce kike bi da gangan kina haɗa mutane. Annamimiya ya kira ki, sai dai da Turanci. Kada kowa ya ce miki ƙaramin abu ne.

Ni abin da na yi, a taron malamai na tambayi inda kuɗin PTA suka shiga, alhali yara na zaune a ƙasa babu benci. Shi ke nan. Mataimakiyar shugaba ce ta tsara takardar, matar da na yi jinyarta a asibiti lokacin da ta haihu, na kwana a tabarma ina riƙe mata jariri. Ba ta kira ni ofis ba. A ɗakin malamai ta miƙa mini, gaban kowa, har da 'yan bautar ƙasa, tana cewa "Malama, a karanta da kyau." Ga ni da tsohon ciki. Daga ranar in na shiga sai a yi tsit, wadda muke cin abinci kwano ɗaya ta koma wani tebur. Har yau in na tuna murmushin da ta yi sai na ji ɗaci a maƙogwarona. Na yafe kuɗin, na yafe canjin wurin aikin da aka yi mini, amma murmushin nan na bar ta da Allah.

Don Allah kada ki bari wa'adin amsa ya wuce, shiru ma laifi suke mai da shi. Kuma kada ki rubuta "I am sorry for the discord" don neman zaman lafiya, kin amsa laifi ke nan, kuma fayil ɗinki zai shiga. Ki rubuta cikin ladabi ki nemi a faɗa miki wa da wa kika haɗa, yaushe, da wace magana. Yawanci ba su da amsa. Ki yi kwafi, a sa miki hannu da kwanan wata a kan naki.

Ki daina magana a zauren WhatsApp na malamai, a can suke ɗaukar hoton saƙo. Ki je a auna jininki ma, ni nawa a lokacin ya hau ban sani ba sai da ƙafafuna suka kumbura. Maigidanki kuma ki lallashe shi kada ya je makarantar, da zuwan nasa za su ƙara kafa hujja. Ki nemi wakilin ƙungiyar malamai ta ƙasa, NUT, na makarantarku ya ga amsar kafin ki miƙa, in kuma kin ga na shugaba ne, ki wuce ofishin ƙungiya na ƙaramar hukuma. Wa'adin awa nawa ya ba ki?